Jijiyoyin nan masu kama da saƙar gizo-gizo a ƙafata, in je a yi min allura?

"Anti assalamu alaikum. Shekarata 34, yarana uku, ta ƙarshen watanta biyar ina shayar da ita. Tun cikina na biyu wasu ƙananan jijiyoyi suka fito min a gefen cinya da bayan gwiwa, sirara kamar zare, wasu ja-ja wasu shuɗi-shuɗi sun barbazu kamar saƙar gizo-gizo, a cikin nan na uku kuma suka ƙaru har sun sauko idon sawuna na hagu. Koyarwa nake yi, kusan a tsaye nake wuni, da yamma ƙafar hagun sai ta yi min nauyi kamar an ɗaura min dutse har shatin safa ke fitowa. Na sayi mai kala uku a intanet ba abin da suka yi min, dama kuma ina shafa wani haɗin mai na ƙara haske kusan shekara huɗu. Yanzu wata mai gyaran jiki ta ce za ta yi min allura zama ɗaya su ɓace. Wallahi kunyar ƙafata nake ji ko a gaban maigidana. In je ko kar in je?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana jaririya ya ƙara miki lafiyar shayarwa. Bari in fara ba ki amsar da kika zo nema kafin dogon bayani: a'a, dan Allah kar ki miƙa wa mai gyaran jikin nan ƙafarki. Ba wai allurar ƙarya ba ce fa, ita ce ma babban maganin waɗannan jijiyoyin kuma tana aiki sosai, amma akwai abubuwa a wasiƙarki da suka sa na ce ki dakata, shayarwar da kike yi, da nauyin ƙafar hagun nan tare da jijiyoyin da suka sauko idon sawu, sai kuma man da kika ce kina shafawa shekara huɗu wanda kika ambata a gurguje kamar ba wani abu ba, alhali ni shi ya fi tsaya min a rai.

Ki fara kwantar da hankalinki tukuna. Su waɗannan siraran ba sa kisa, ba sa hana tafiya, ba sa juyewa su zama kansa. Kuma ba ke kaɗai ba ce, a birnin Edinbura na Sikotilan an yi wani babban bincike da aka buga a 1999, aka duba ƙafafun mutum sama da 1,500 maza da mata 'yan shekara 18 zuwa 64, sama da kashi 80 cikin 100 an same su da irin waɗannan ƙananan jijiyoyin ko masu ɗan fin su kauri. Kowa dai rufe tasa yake shi ya sa kike ganin kamar ke aka ware. Likitoci da kauri suke bambanta su, wadda ba ta kai milimita 1 ba ita ce mai kama da saƙar gizon, daga milimita 1 zuwa 3 su ne shuɗayen nan ko koraye da suke kwance ƙarƙashin fata musamman a bayan gwiwa, sau da yawa ma su ne uwayen da ke shayar da siraran da jini, in kuma ta wuce milimita 3 ta yi tudu ta murɗe kamar igiya to wannan kumburarriyar jijiya ce, lissafinta daban.

Ga yadda abin yake faruwa. Jini in zai sauka daga zuciya zuwa ƙafa gangara yake bi ba wahala, dawowar ce hawan tudu. Sai Allah ya sa wa jijiyoyin ƙafa wasu 'yan ƙofofi a ciki, bawul kenan, masu buɗewa ta sama kawai, jini ya wuce su rufe kar ya zubo baya. Famfon da ke tura shi sama kuma naman sha-raɓarki ne, duk takun da kika yi sai ya matse jijiyoyin ya cilla jinin sama. In kina tsaye wuri ɗaya gaban allo awa da awanni famfon nan a kashe yake, jini ya taru a ƙasa yana danna bangon jijiya, a hankali bangon ya saki. Sai ciki ya zo ya ƙara nasa, jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100, sinadaran jikinta na lokacin ciki suna sassauta bangon jijiyoyi, ga mahaifa ta yi nauyi ta danne babbar jijiyar da ke kwaso jinin ƙafafu zuwa zuciya. Ciki uku, sau uku kenan ƙafarki ta ɗauki wannan lodin. A ƙarƙashin duka kuma akwai gado, ki leƙa ƙafar mama ko ta 'yan'uwanki mata, zai yi wuya ba ki ga irinsu ba. Maganar da ake yi wai ɗora ƙafa kan ƙafa ke kawo su, ba a tabbatar da wannan ba, kar ki ɗora wa kanki laifi.

Toh yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki. Da a ce cinya da bayan gwiwa kawai kika ce min, ba nauyi ba kumburi, da sai in ce matsalar kwalliya ce zalla. Amma kin ce ƙafa ɗaya tana nauyi da yamma, safa tana barin shati, wanda alamar ruwa ne ya fara taruwa, sannan jijiyoyin sun zo idon sawu. Siraran jijiyoyin da ke taruwa a gefen idon sawu su baje kamar mafici, likitocin jijiya ba sa ɗaukarsu da wasa, domin sau da yawa suna nuna cewa akwai matsin jini daga sama. Akwai wata doguwar jijiya, ita ce mafi tsawo a jikin mutum, ta taso daga cikin idon sawu ta bi ta cikin ƙwauri da cinya har matsematsi, in bawul ɗinta suka daina rufewa sai jini ya riƙa zubowa baya yana cika ƙananan da ke ƙasa, ke kuma a waje siraran kawai kike gani. Wanda ya yi wa siraran allura ya bar wannan, kamar mai goge ruwa a tsakar ɗaki ne rufi yana yoyo, za su dawo, wani lokacin ma su dawo da yawa fiye da da.

Ba a gane wannan da ido, sai da sikanin. Sikanin dofla ake ce masa, irin na'urar da aka duba miki ciki da ita ce, ba zafi ba allura ba haɗari ga mai shayarwa. Abin da nake so ki riƙe shi ne a tsaye ake yin sa, ko aƙalla a kishingiɗe ƙafa na ƙasa, domin in kina kwance shame-shame jinin ba shi da dalilin zubowa baya, matsalar sai ta ɓuya. Mai yin sikanin zai shafa miki man nan mai sanyi, ya ɗora na'urar a cinya ya matse sha-raɓarki ya saki, yana kallon allo, in jinin ya koma baya fiye da rabin sakan to bawul ɗin ya saki. Ki nemi likitan jijiyoyin jini, in babu a kusa ki fara da likitan da kike gani ya tura ki. In sikanin ya fito lafiya alhamdu lillah, an san kwalliya ce kawai za a gyara. In kuma ya nuna yoyo, ita babbar ake fara rufewa, kuma yanzu ba lallai sai an yanka ba, ana zura siririyar waya cikin jijiyar a ƙona ta daga ciki da zafin leza, wato wani haske mai ƙarfi, ko na wata na'ura, da allurar kashe zafi kawai, a ranar ki taka ki koma gida. Tun 2013 hukumar NICE ta Ingila mai tsara ƙa'idojin magani ta sa wannan hanyar a gaba, sai allurar kumfa, wato maganin rufe jijiya da aka kaɗa ya yi kumfa, tiyata ta zo ta ƙarshe. Kar ki ji tsoron wai an rufe jijiya ina jini zai bi, manyan jijiyoyin da ke can ciki tsakanin nama su ke ɗaukar mafi yawan jinin dama.

Sai maganar man nan. Ƙanwata ba faɗa zan miki ba, na san yadda ake shiga abin nan a hankali har ya zama jiki. Amma dole ki san cewa da yawa daga cikin haɗin man ƙara haske akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid a ciki, ki ɗauko kwalin ko tub ɗin da ake matsawa cikin haɗin ki karanta, in kin ga an rubuta clobetasol ko betamethasone to shi ne. Magani ne na gaske da ake ba mai ciwon fata ya shafa na ɗan lokaci a ɗan wuri, ba a yi shi don a mulke jiki da shi shekara huɗu ba. Aikinsa in ya daɗe shi ne ya sirantar da fata ta zama kamar ledar da aka ja, naman da ke riƙe ƙananan jijiyoyi ya narke, jijiyoyin su buɗe su fito fili. Wato wasu daga cikin abin da kike gani ba ciki ne kaɗai ya kawo su ba, man ne ya yaye musu mayafi, kuma muddin kina shafawa sababbi za su yi ta fitowa ko allura nawa aka yi. Bayan haka fatar da ta sirance ba ta warkewa da wuri, ɗan rauni kaɗan sai ya daɗe, ki yi tunanin a huda irin wannan fatar wuri ashirin a zuba sinadari mai ƙona jijiya. Ga kuma jaririya da ke manne a jikinki wuni, wasu mayukan ma har da makuri a ciki, wani sinadari mai guba wanda ke iya bi ta nono. Don haka ki bar shi, amma kar ki yanke rana ɗaya ke kaɗai, wanda ya daɗe yana shafa sitiroyid in ya tsaya kwatsam fata na iya yin bore, zafi da ƙaiƙayi da ƙuraje da duhu, wannan ne ke sa mata da yawa su koma. Ki je wa likitan fata da haɗin a hannunki ki faɗa masa gaskiyar shekarun, shi zai tsara miki yadda za ki sauka a hankali. Fatar tana ɗan farfaɗowa da lokaci, jijiyoyin da suka riga suka buɗe dai galibi ba sa komawa da kansu.

Mayukan da kika saya a intanet kuwa ba sai na ja ba, babu man da ke rufe jijiyar da ta buɗe, ko mai bitamin K ne ko mai me. Kar ki sake sa kuɗinki. Ƙwayoyi irin su Daflon suna rage wa wasu nauyi da kumburin ƙafa amma ba sa goge jijiya ko ɗaya, kuma da shayarwa kar ki sha sai da izinin likita. Kar kuma ki yarda a huda ko a tsaga su wai a fitar da mataccen jini, ba mataccen jini ba ne, tabo da ciwo kawai za ki samu.

Ita allurar ta gaskiya, sikilerotarafi ake kiranta. Shekarun baya na raka yayata aka yi mata, ina zaune a gefe ina kallo. Ta kwanta, likita ya goge cinyar da sifirit, ya jawo fitila mai haske ya sa tabarau mai ƙara girma, allurar siririya ƙwarai har sai ka ƙura ido kake ganin bakinta. Ya kwantar da ita kusan a jikin fata ya shiga wata shuɗiyar jijiya da ke ƙasan gungun jajayen, yana danna sirinjin a hankali sai kawai na ga gungun nan gaba ɗaya ya yi fari ya ɓace, wuri kamar faɗin babban yatsa, kamar an goge alli a allo. Ta ce min ji ta yi kamar cizon sauro da ɗan yaji-yaji. Ya ɗora auduga ya manna filasta ya matsa gaba, cikin kamar rabin awa an gama, aka sa mata safa aka ce ta je ta yi tafiyar minti 20 zuwa 30 kafin ta shiga mota.

Wannan ɓacewar ta nan take ita ake nuna muku a bidiyo, kuma ita ce ake cewa zama ɗaya sun tafi. Ba tafiya suka yi ba, maganin ne ya kori jinin na ɗan lokaci. Washegari ƙafar yayata ta fi da muni, ja da ɓurɗi-ɓurɗi kamar mage ta yakushe ta, hankalinta ya tashi ta kira ni. Haka abin yake. Maganin yana ƙona fatar cikin jijiyar ne, bangon ya manne da juna, sai jiki ya shanye ta a hankali, siraran suna ɗaukar sati 3 zuwa 6 kafin su dushe, masu kauri wata 3 zuwa 4. Ba kuma duka ke tafiya a zama ɗaya ba, yawanci sai an koma sau biyu ko uku ko fiye, da tazarar kamar sati shida. Ita sau uku ta je. Kuma mai gaskiya ba zai ce miki ƙafar za ta koma kamar ta jariri ba, zai ce za su ragu sosai, waɗanda aka rufe sun rufu amma jikin da ya yi su yana nan, bayan shekaru wasu sababbi na iya fitowa a sake taɓawa.

Magungunan da aka fi amfani da su biyu ne, folidokanol, wanda a kwalba za ki ga Asclera ko Aethoxysklerol, da wani da ake sayarwa da sunan Fibrovein ko Sotradecol. Folidokanol asalinsa maganin kashe zafi ne shi ya sa bai cika raɗaɗi ba, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan aikin a 2010, Turai kuwa sun daɗe suna amfani da shi. Akwai masu yi da ruwan gishiri mai ƙarfi, yana aiki amma ya fi zafi kuma in ya zuba a wajen jijiya yana cin fata. Ƙarfin maganin ma da lissafi, na folidokanol rabin kashi ɗaya cikin 100 ake sa wa siraran, kashi 1 ga masu ɗan kauri, in aka sa mai ƙarfi a siririya tabo ne zai biyo baya. Ki tambayi duk wanda zai yi miki sunan maganin da ƙarfinsa, ki ga kwalbar da idonki, wanda ya ce sirri ne ki tashi ki tafi.

Abin da ba a cika faɗa wa masu duhun fata ba shi ne tabo. In jijiya ta rufe jinin da ya maƙale a ciki yana fashewa, sinadarin ƙarfen da ke cikin jini ya zauna a ƙarƙashin fata kamar tsatsa, sai ki ga layi mai ruwan ƙasa ko baƙi ya bi sawun inda jijiyar take. Yana samun mutum 10 zuwa 30 cikin 100, kuma fata mai duhu ta fi saurin yi domin ita ko ƙurji ne ya warke sai ya bar baƙi. Yawanci yana gogewa cikin wata shida zuwa shekara, kaɗan ne ke wuce haka. Yayata ta samu guda a gefen cinya, tsawon ɗan yatsa, sai da ya kusa wata goma kafin ya tafi, kuma a watannin nan ya fi jijiyar da aka cire fitowa fili. Ina faɗa miki ne don ki auna, in naki ba su cika fitowa ba sai an matso kusa, ki yi tunani ko kin shirya zama da layin duhu na wasu watanni. Ana rage shi in likita ya sa ki dawo bayan sati biyu zuwa huɗu ya taɓa ya ji inda jini ya daskare ya yi tauri kamar igiya, ya ɗan huda ya matse shi waje, sannan ki kare wurin daga rana. Akwai kuma wani abu da kan faru, wasu sababbin jijiyoyi sirara ƙwarai su fito kusa da inda aka yi allurar wurin ya yi ja kamar an shafa hoda, wannan ya fi samun masu ƙiba da masu shan maganin da ke da sinadarin jikin mata da ake kira istirojin da waɗanda aka bar musu yoyon sama ba a gyara ba, sau da yawa yana lafawa da kansa cikin watanni.

Waɗannan masu sauƙi ne. Masu nauyin ba su da yawa amma su ne dalilin da na hana ki wajen gyaran jiki. In maganin ya shiga ƙaramar jijiyar da ke kawo jini maimakon mai mayarwa, fatar wurin tana mutuwa ta zama gyambo mai zogi da ke ɗaukar makonni ya bar tabo na har abada, kuma idon sawu, inda naki suke, yana cikin wuraren da wannan ya fi faruwa. Wani jikin kuma bai karɓar maganin, nan take numfashi ya sarƙe, a irin wannan minti kaɗan ake da shi a yi allurar ceton rai da ake kira adirenalin. Ki tambayi kanki ko mai gyaran jikin tana da ita a ajiye, ta kuma san yadda ake yi. Aikinta na gyaran fata daban, ban raina shi ba, amma zuba magani cikin jijiya aikin asibiti ne.

Za ki ji ana maganar leza, wai ba allura ba huda. Gaskiya ne akwai, tana da amfani ga waɗanda suka yi siririn da allura ba ta shiga ko mai tsoron allura sosai, amma a ƙafa allura ta fi ta aiki kuma lezar ma tana da zafi. Matsalarta gare mu ita ce haskenta launi yake bi, so ake ya kama jan jini, to baƙin da ke cikin fata shi ma yana shan hasken, sai fata ta ƙone ta yi bororo ta bar fari ko baƙin tabo. Na'urar da ake kira IPL da lezoji masu gajeren zango su suka fi yin wannan ɓarnar. Wadda ta fi dacewa da fata mai duhu ita ce Nd:YAG mai lamba 1064, ita tana wuce saman fata ta shiga ciki, duk da haka sai a hannun wanda ya saba da irin fatarki, kuma ya fara gwada ɗan wuri a jira makonni a gani.

Lokaci kuma bai yi ba. Ba a yi wa mai ciki wannan allurar sam, mai shayarwa ma likitoci sun fi so a jira tunda ba gaggawa ba ce, ba a da tabbacin nawa ne ke shiga nono. Sannan wata biyar kacal da haihuwarki, jijiyoyin da ciki ya kawo suna ci gaba da raguwa da kansu har zuwa shekara, ba mamaki wasu su dushe ba ki kashe ko sisi ba. In kina da niyyar wani cikin nan kusa ki sani zai iya kawo sababbi, wannan ba ya hana a yi, amma ki sa shi a lissafi. In kuma kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ko kin taɓa samun daskarewar jini a ƙafa, ko wani a gidanku ya taɓa, ki faɗa wa likita tun kafin ya tambaya, kar dai ki daina shan komai da kanki.

Kafin nan akwai abin yi, kuma shi zai sauke miki dutsen nan na yamma. Ki samu safar matse ƙafa ta asibiti, ba safar sanyi ba, ita an saƙa ta ne ta fi matsewa a idon sawu tana sassautawa zuwa sama. Akwai lamba a jikin kwalin, 15 zuwa 20 mai sauƙi ce, 20 zuwa 30 ta fi ƙarfi, ga mai kumburi irin naki likita zai faɗa miki wadda ta dace. Da safe ake auna ƙafa kafin ta kumbura, zagayen idon sawu da na sha-raɓa, da safe kuma ake sawa tun kafin ki fara zirga-zirga, ki juya ta bai-bai har dunduniya ki zura ƙafa ki riƙa jan ta sama kaɗan-kaɗan ba tattara, kar ki naɗe bakinta ƙasa domin zai zama kamar an ɗaure ki da roba. Da dare ki cire. Mai iya gwiwa ta ishe ki aiki. Ba za ta goge jijiya ko ɗaya ba, kar in yaudare ki, amma nauyi da kumburi za ki ji bambanci tun satin farko, tana kuma saki bayan wata 3 zuwa 6 sai an canza. Mai ciwon suga ko wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, kar ya sa sai an duba shi. Ki saba da ita tun yanzu domin bayan allura ma za ki sa, wani bincike da aka yi a Siwizalan a 2007 kan mata 100 ya nuna waɗanda suka sa safa sati uku bayan allurar jijiyoyinsu sun fi ɓacewa.

A aji kar ki kafe wuri ɗaya, ki riƙa zagayawa tsakanin benci, in dole ki tsaya ki riƙa ɗaga dunduniya kina saukewa sau goma sha biyar ko ashirin, ba wanda zai lura kuma famfon nan kike kunnawa. Takalmi mai tsini yana hana sha-raɓa aiki, ki bar shi sai fita ta musamman. In kin dawo gida ki kwanta ki ɗora ƙafafu kan filo biyu ko jikin bango su fi ƙirjinki tudu minti 15, kina iya shayarwa a haka ma. Tafiyar ƙafa kullum, in akwai ƙibar haihuwa a rage ta a hankali.

Wannan kuma ki riƙe shi da kyau. Duk ranar da ƙafa ɗaya ta kumbura lokaci guda, sha-raɓa ta yi zafi tana ciwo ko ta yi tauri, asibiti a ranar ba gobe ba, domin yana iya zama gudan jini a jijiyar ciki. In abin ya haɗa da ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, wannan gaggawa ce ta nan take. Haka in fatar idon sawun ta fara duhu tana ƙaiƙayi tana tauri, ko wani ɗan ciwo ya fito ya ƙi warkewa, kar ki jira yaye. In wata jijiyar ta fashe tana jini, ki kwanta ki ɗaga ƙafar sama ki danne wurin da tsumma mai tsabta minti goma ba ɗagawa, sannan ki je a duba.

Maganar kunya ta taɓa ni wallahi, domin ban ga inda kika ce maigidan ya yi magana ba, ke ce kike ɓoyewa. Son ki gyara ba laifi ba ne kuma ana gyarawa, amma shekara guda da za ki jira kar ki yi ta kina kashe fitila. Ki zaunar da shi ki nuna masa ƙafar da kanki, ki ce ga abin da cikin yaran nan ya bar min, ga nauyin da nake ji da yamma, ina so a yi min sikanin. In kika kawo masa shi a matsayin maganar lafiya ke ma za ki ji nauyin ya ragu a ranki, kuma kin samu mai raka ki. Ranar da za ki je ki sa kaya mai saki da za a iya ɗagawa har cinya, kar ki shafa komai a ƙafar, ki tafi da haɗin man nan a jaka. In sakamakon sikanin ya fito ki rubuto min abin da aka gani a ƙafar hagun.